Fatalwar Bakin Taga

Sallama gare ku, masu karatu, na kusa da na nesa. Tun farko in gaya muku, ni ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta a bango, zan wuce shi ban gaishe shi ba. Magana nake yi a waya, maƙwabciyata tana mayar da ita rubutu, kuma na ce mata in ta gyara mini kalma ɗaya don ta yi daɗin ji, ban yafe ba. Akwai mai neman aure a labarin nan, amma ba hira na zo yi muku ba. Ƙara na kawo. An cuci jikata, kuma lokaci ya kusa ƙure mana.

Sana'ata wanki da guga. Mu uku ne a gidan: ni, da matar ɗana marigayi wadda take ɗinki a ɗakin da ke kusa da ƙofa, da 'yarta Auta. A da mu huɗu ne. Akwai yayan Auta, wanda ubansa ya laƙaba wa suna Likita tun bai iya ɗaura wando ba. Ya yi ajin kimiyya, ya zauna jarrabawar fita ta ƙi, ya sake ta ƙi, ya ƙara. Wata safiya ya karya kumallo, ya sa takalmi, ya fita. Har yau. Mun je asibitoci, mun je wurin 'yan sanda, mun je ɗakin ajiye gawa an yi ta buɗe mana fuskokin 'ya'yan mutane. Ba a ce mana ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Silifas ɗinsa na wanka suna nan a bakin ɗakinsa. In na zo shara sai in zagaye su.

Auta kuwa tun tana ƙarama hannunta ba ya zama. Rediyo, fanka, tocila, duk abin da yake da waya a cikinsa sai ta farke cikinsa ta gani. Ita ta tayar mini da dutsen guga na lantarki da mai gyara ya ce in jefar. Ina kiranta ƙawata mai hannun ɓarna, tana kirana tsohuwa mai ran ƙarfe. Ba ta taɓa cewa za ta zama likita ba. Lantarki take so ta karanta, ta zama injiniya.

A makarantarsu, in yara suka kai manyan azuzuwa sai a raba su gida uku: ajin kimiyya, ajin kasuwanci, da ajin adabi. Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ta ce, “Kaka, kamar tasha ce. Motar da kika hau, garinta za ta kai ki. Ba a hawa motar adabi a sauka a lantarki.” Aka yi musu gwaji, ta ci, aka kira sunanta a ajin kimiyya. Ranar ta shigo gida da gudu, ta ɗaga ni sama da tsufana har zanena ya kusa kwancewa. Uwarta tana kan keke, ko ƙafa ba ta ɗaga ba. “Allah ya sa albarka,” ta ce, ta ci gaba da ɗinkinta.

'Yan kimiyya suna sa farar riga a kan yunifom in za su shiga ɗakin gwaji. Na sayo yadi na miƙa wa surukata. Ta ce aiki ya yi mata yawa. Bayan kwana biyu na sake magana, ta ce ba ta da farin zare. Tela guda ba ta da farin zare! Na kai yadin wurin telan bakin titi ya ɗinka. Na wanke rigar da bula, na sa mata sitaci, na goge ta har tana ɗaukar ido, na ninke na sa wa Auta a jaka.

To ni dai na san karin gugana. Rigar da aka sa tana dawowa da warin mutum, wuyanta ya yi dauɗa, bakin aljihu ya buɗe. Rigunan yaran unguwa da nake wankewa suna zuwa da ɗigon ruwan ɗorawa, wasu har da 'yan ƙananan ƙuna. Ta Auta kuwa kullum tana dawowa a ninke yadda na ninke ta.

“Ke, ba kwa shiga ɗakin gwajin ne?”

“Ba a zo kanmu ba tukuna, Kaka.”

Yunifom ɗinta kuma ya fara ba ni wani labari. Bayansa ya koɗe kamar wanda aka manta a igiya, ƙirjinsa kullum da garin fentin bango. Yarinya tana baƙi, tana ramewa, abinci sai an yi da gaske. Na ce ko girma ne.

Akwai wata malama da nake yi wa guga a gidajen ma'aikata, a bayan azuzuwa. Da yamma na saba kai mata kaya. Rannan hadari ya haɗo tun hantsi, na ce bari in kai kafin ruwa ya jiƙa mini wahala. Na bi ta bayan ɗakin gwaji da ƙullin kaya a ka. Wuri ne da ba kowa ke bi ba, ciyawa ce da fasassun kujeru. Sai na hangi mutum a tsaye a kan wani guntun bulo, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen taga, ɗayan yana rubutu a littafi da aka manna a jikin bango. Yadda wuyan ya karkata, yadda kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tashi, wallahi tallahi na ɗauka Likita ne. Har na buɗe baki zan kira shi, sai na ga siket.

Wasu 'yan mata suka gifta da bokiti, ɗaya ta ce, “Fatalwa, yau ma kin fito?” Suka kwashe da dariya.

Na dire kaya a kan ciyawa. “Auta!”

Ta juyo, littafin ya faɗi. Ta sauko daga bulon tana kallon ƙasa.

“Me kike yi a nan kamar ɓarauniya?”

“Darasi nake ɗauka, Kaka. Don Allah ki yi a hankali, za a ji.”

“A ji mana! Ajinku ba shi da ƙofa ne?”

Nan ta faɗa mini. Mako ɗaya kawai ta yi a ajin kimiyya. Sai mataimakin shugabar makaranta ya shigo ana tsakiyar darasi, ya kira sunanta, ya ce ta ɗauki jakarta ta bi shi. Ya kai ta ajin adabi ya nuna mata kujera. Ta tambayi dalili, ya ce an sake duba al'amari. Ta zauna kwana biyu a can, ta ce ji take kamar an sa mata takalmin wani. A rana ta uku ta zagayo bayan taga, kuma tun lokacin a nan take yini, rana a bayanta, bango a ƙirjinta. Malamin kimiyyar yana yi kamar bai gan ta ba, amma ya koma yin rubutu manya-manya a gefen allon da yake kallon tagar, kuma in zai yi bayani sai ya ɗaga murya. Allah ya saka masa.

“Wace mara kunya ce ta sa miki wannan sunan?”

Ta yi wani ɗan murmushi da ban so ba. “Ai gaskiyarsu ce, Kaka. Can ana kiran sunana ba a ganina. Nan ana ganina ba a kiran sunana.”

Aka fara yayyafi. Na ce ta zo mu tafi gida, ta ce saura darasi ɗaya. Ta hau bulonta, ta lulluɓe littafin da gefen ɗankwali. Na tafi ina waiwaye, ruwa yana sauka a bayanta.

Yanzu bari in gaya muku wane ne mataimakin nan. Ni Mai Turare nake kiransa, don ƙamshinsa yana riga shi yin sallama. Matarsa ta rasu, kuma tun bara yake neman surukata. Da wando ya fara, wai a rage masa tsawo. Ya dawo a rage masa ƙugu. Ya dawo a ƙara. Na ce wa surukata in aka ci gaba a haka wandon nan zai koma hula. Da ya zo gaishe ni, da babbar riga ruwan toka da takalmi mai sheƙi, na ce masa, “Malam, in za ka sake zuwa ka rage turaren nan, yana kama kayan mutane a igiya.” Da ya kawo maganar aure kuma na ce a bari yarinya ta gama makaranta tukuna. Ban ƙi shi ba. Matar ɗana ba tsohuwa ba ce, ta yi zaman haƙuri, ban isa in hana ta ba. Amma bakina ba shi da linzami, na sani. Saboda haka ina tafe a cikin ruwa ina lissafi: na faɗa wa mutum magana, ya rasa inda zai rama, ya rama a kan jikata.

Na iso gida na tarar da surukata tana sauraren saƙon murya. Ta saba sa wayar a kan keke ta rage sauti, tana ganin ƙarar ɗinki tana rufewa. Kunnena kuwa bai tsufa ba. Muryar Mai Turare ce.

“Barka da rana, ranki ya daɗe. Ya aiki? Na ga 'yar tamu yau ma a bakin taga, ga ruwa ana yi. Wallahi abin ya fara hana ni sukuni. Ki sake tunani, don Allah.”

'Yar tamu! Na ɗaga labule.

“Kin san Auta a bayan taga take yini?”

Ta kife wayar. “Na ji, Inna.”

“Kin ji? Labarin wata unguwa ne da za ki ce kin ji?”

“Harkar makaranta ce, su suka san dalilinsu.”

Ta sunkuyar da kai ta hau neman allura, alhali allurar tana bakinta. Na ce a raina, so ya rufe wa matar nan ido, tana kare saurayinta. To ni ba na son kowa, idona a buɗe yake.

Yau da safe na fiddo zanena mai ruwan goro da nake ajiyewa don fita ta mutunci, na yafa babban mayafi, na ɗauki farar rigar Auta a leda. Maigadin makaranta ya ce, “Iya, yau ba kaya?” Na ce, “Yau ni ce kayan, buɗe mini.”

Ofishin shugaba yana da fanka mai kuka, da kabad cike da kofunan gasa, da wata doguwar kujera da take haɗiye mutum in ya zauna. Ban zauna ba. Shugabar mace ce mai jiki, da tabarau rataye a sarƙa. Na shimfiɗa rigar a kan teburinta.

“Hajiya, wannan rigar jikata ce. Dubi karinta. Ba ta taɓa shiga ɗakin gwajinku ba. Mai rigar tana bayan taga tana shan rana, yaranku suna kiranta fatalwa. Ta ci gwaji ko ba ta ci ba?”

Ta tambayi wace yarinya, na faɗa. Ta sa tabarau, ta duba abin da za ta duba, ta cire. “Ta ci, Iya. Tana cikin na gaba-gaba ma.”

“To wa ya fitar da ita, kuma da izinin wa?”

Ta aika a kira mataimaki. Tun yana baranda na san ya iso. Ya shigo, ya gan ni, ya ga rigar, ya rusuna har ƙasa.

“Inna, ina kwana?”

“Riƙe gaisuwarka. Ni na ce turarenka ya yi yawa, ba Auta ba. Ni na ce a dakata da aure, ba Auta ba. In fansa kake nema, ga ni nan, ka kore ni daga aji in ina da shi.”

“Subhanallahi! Inna, don Allah mu fita waje in yi miki bayani.”

“A gaban yara ka fitar da ita, a gaban shugabarka za ka yi bayani.”

Shugaba ta ce, “Malam, ni ma ina son ji. Ba ka sanar da ni wannan canjin ba.”

Ya ciro hankici ya goge goshi. Ya kalli fanka, ya kalli ƙasa. Sannan ya ce, “Mahaifiyarta ce ta roƙe ni.”

Na ce ƙarya yake. Na faɗa da ƙarfi har magatakarda ya leƙo.

“Wallahi, Inna. Har ofishina ta zo, ta durƙusa tana kuka, ta ce in raba 'yarta da ajin nan. Ta ce kada in faɗa wa kowa, musamman ke. Na ɗauka yarinya za ta saba. Tun da na ga ta koma taga nake roƙon uwar ta janye.”

Sai a lokacin na zauna, kujerar ta haɗiye ni. Tela ba ta da farin zare. Ashe tun ran nan aka gaya mini, ban ji ba.

Amma kada ku ce na wanke shi. Na ɗago na ce, “Ka tambayi yarinyar?”

“Iyaye suna da dama su…”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. In da uwar wata ce ta zo, wadda ba ka kai wa wando, za ka cire 'yarta a ɓoye ba tare da ka zaunar da yarinyar ka ji ta bakinta ba?”

Ya sake goge goshi. Na ci gaba:

“Ka ɗauki rayuwar marainiya ka yi toshi da ita, Malam. Ni da kai sai a gaban Allah, amma kafin can sai na kai ka duk inda ake kai malamai.”

Shugaba ta ce ya fita, za ta neme shi. Sannan ta juyo gare ni, ta sassauta murya. Ta ce gobe kafin a tashi za su aika sunayen yara da darussansu ga hukumar jarrabawa, kuma in an aika an gama, ba a canzawa. Ta ce kujerar Auta tana nan a ajin kimiyya, ba wanda ya hau. Amma tunda uwa ce ta nemi a cire ta, uwa ce za ta zo ta ce a mayar.

“Ni fa? Ni na haifi ubanta.”

“Ke kaka ce, Iya. Uwa tana raye, maganarta ce a gaba.”

“Ita yarinyar ba ta da baki?”

“Tana da shi, shekarunta ne ba su kai ba.”

Ku ji fa. Shekarunta sun kai ta tsaya a rana wata da watanni don son karatu, amma ba su kai a tambaye ta abin da take so ba. In akwai mai aiki a hukumar ilimi a cikinku, ya bayyana mini wannan, don kaina na jahila bai ɗauka ba.

Ban koma gida kai tsaye ba. Na tsaya wurin wata ƙanwata har zuciyata ta ɗan huce, don na san in na shiga a haka, zan faɗi abin da ba ya gogewa. Bayan la'asar na shiga. Surukata tana haɗa hannun wata riga shuɗiya, tef ɗin awo a wuya, ƙyallaye a ƙasa. Na ɗora tafina a kan ƙafar keken ya tsaya.

“Na je makaranta.”

Ba ta tambayi abin da aka ce ba. Ta cire tef ɗin ta naɗe shi a yatsa.

“Tun kina amarya kike gidan nan, ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Kika bar ni ina zagin bawan Allah a gaban shugabarsa.”

“Ban ce ki je ba, Inna.”

“Kin ce in zauna in ga jikata tana bushewa a jikin bango?”

“Gara ta bushe a inda nake ganinta.”

Ta ɗago, idanunta jajur amma babu hawaye. “Kin ji ta tana shara kuwa? Tana shara tana maimaita lissafi ƙasa-ƙasa. Haka yayanta yake yi. Tana cin abinci littafi a cinya. Haka yake yi. Ranar da ta shigo tana tsalle wai an sa ta a kimiyya, ni ba ita na gani ba, shi na gani, ranar da ya shigo da wannan murnar. Ɗakin gwajin nan ya ci mini ɗaya, Inna. Kina so in wanke na biyu in kai masa?”

“Shi tura shi aka yi ciki. Ubansa ya ce likita, mu duka muka amsa. Ita da ƙafarta ta je, an kore ta ta koma ta taga.”

“Ranar da ta faɗi jarrabawar fa? Kin san abin da za ta yi?”

“Ba ta faɗi ba tukuna. Ke kika kayar da ita tun ba a shiga ba.”

“Ke kin binne ɗanki,” ta ce. “Kin san inda yake kwance. Ni nawa yana ina? Duk wanda ya buga ƙofar nan sai in ce ko shi ne. In na ga mahaukaci a bakin kasuwa sai na zagaya na duba fuskarsa. Kullum sai na zuba abincinsa na rufe, kina gani, ba ki taɓa cewa komai ba.”

Gaskiya ne, ina gani. Ni nake ɗauke abincin nan washegari, in zuba wa kaji in wanke kwanon. Raina ya yi rauni, amma na tuna bulon nan da ruwan da yake sauka a bayan yarinya.

“Gobe kafin a tashi za a aika sunaye. Za ki sa mayafi mu je ki ce a mayar da ita.”

Ta soke allura a jikin rigar. Sannan ta ce, “Zan je. Amma ranar da ta taka ɗakin gwajin nan, na bar gidan nan. Malam yana jiran amsata, zan ba shi. Ki riƙe ta, ke da kika fi ni sonta. Ba zan zauna in ƙirga wa wani ɗa nawa kwanaki ba.”

“Au, ciniki za ki yi da ni? Ko dai karatunta ko uwarta?”

“Yadda kika ɗauka.”

Sai labule ya motsa. Auta ce, da jaka a kafaɗa, garin fenti a ƙirji. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta saba tsayuwa a waje tana sauraro, makaranta ta koya mata.

“Umma, Kaka, ku daina,” ta ce. Muryarta a kwance, ba kuka, ba fushi. “Na haƙura. Gobe zan shiga ajin adabi in zauna. Ku yafe mini wahalar da na ba ku.”

Ta yi mana murmushi, ta juya ta shiga ɗakinta.

Ni da surukata muka kalli juna. Tef ɗin ya warware daga yatsanta ya zube ƙasa. Mu biyun muna tsakar gida da safen da yayanta ya fita, kuma mu biyun muka ji abin da ya ce kafin ya sa takalmi. Na haƙura. Ku yafe mini wahalar da na ba ku. Har murmushin. Auta tana makaranta a ranar, kuma ba mu taɓa faɗa mata ba.

Surukata ta miƙe kamar an tsikare ta. Ta je ta rufe ƙofar gida, ta murɗa makulli, ta jawo kujerar ɗinkinta ta jingina da ƙofar ta zauna.

“Ba mai fita gobe,” ta ce. “Ba adabi, ba kimiyya. Ba mai fita.”

“In ba a fita ba, a adabi za a aika sunanta.”

“A aika.”

“Kin ji abin da ta ce da kunnenki. Ba ɗakin gwaji ne ya sa mata maganar nan a baki ba, mu ne. Gobe za ki buɗe ƙofar nan.”

“In na buɗe ta fita ba ta dawo ba fa?”

Da ƙyar na ce, “To mu riƙe ta. Ke hannun dama, ni hagu, har bakin ajin. Mu jira a tashi mu dawo da ita. Kullum, in ya kama.”

Ta damƙe makullin har jijiyoyin hannunta suka tashi. Wayarta tana ta haske a kan keke, Malam ne yake kira, ba ta ko waiwaya ba.

A haka muke har yanzu da nake muku maganar nan. An kira magariba. Ita tana bakin ƙofar gida, ni na shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin Auta. Na leƙa ta: tana zaune a gefen katifa, hannuwa a cinya, ba littafi, ba waya, ba sukurdireba. Na ce, “Ƙawata, fankar ɗakina ta tsaya, zo ki duba.” Ta ce, “A kai wa mai gyara, Kaka.”

Ƙarar da na kawo ban janye ta ba, kuma Malam ya shirya, da sauran magana tsakanina da shi. Gobe kuwa zan fita da yarinyar nan, ko ta ƙofa ko ta katanga, ko zan ja uwarta a ƙasa. Abin da ban sani ba shi ne wa zan kai musu: Auta, ko wannan da ta ce ta haƙura.